Maƙoƙo da sauran cututtukan tayirod: wa ke buƙatar magani, wa ya kamata a saurara masa?

Duk wanda ya bibiyi mujallun likitanci a 'yan shekarun nan zai lura da wani abu game da cututtukan tayirod wanda ba a cika ganinsa a sauran fannonin lafiya ba. Da dama daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka kashe dukiya da shekaru a kansu ba su ƙare da gano sabon magani ba, sun ƙare ne da hujjar cewa ana ba mutane da yawa magani, ko ana yi musu tiyata, alhali ba su buƙata. Wannan albishir ne ga ƙasashen da aka yi binciken a cikinsu, amma ni yana sa ni fargaba, domin ina hangen yadda zai iso mana a guntule ta waya, mutum ya ji an ce likitocin Turai sun hana shan maganin tayirod, sai ya ajiye ƙwayar da ke riƙe da lafiyarsa. Dalilin da ya sa ke nan nake son in fayyace su wa aka gwada a waɗannan bincike, da kuma su wa sakamakon bai shafa ba ko kaɗan.

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, nauyinta bai fi giram 20 zuwa 25 ba a jikin baligi. Tana zuƙo sinadarin aidin daga jini ta haɗa sinadarai biyu da ake kira T4 da T3, waɗanda su ne ke daidaita saurin da jiki ke sarrafa abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri. Umarnin aikin yana zuwa mata daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta hanyar wani sinadari da ake kira TSH, wanda halinsa ya yi kama da na mai gona a kan ɗan ƙwadago: idan ya ga aiki ya yi sanyi sai ya ɗaga murya, idan kuma ya ga ana wuce gona da iri sai ya yi tsit. Saboda haka TSH mai yawa a takardar gwaji alama ce ta tayirod mai kasala, TSH da ya yi ƙasa sosai kuma alama ce ta tayirod mai aiki fiye da kima. Mai kasalar tayirod yakan yi fama da gajiya da jin sanyi da bushewar fata da taurin bayan gida da mantuwa, mace kuma al'adarta ta rikice. Mai ɗaya matsalar yakan rame duk da cewa yana cin abinci sosai, gabansa na faɗuwa, hannunsa na rawa, gumi ba ya rabuwa da shi, barci kuma ya ƙaurace masa. Mata sun fi maza kamuwa da duka biyun nesa ba kusa ba.

Rigimar da ta fi ɗaukar hankalin masu bincike ta shafi mutanen da ke tsakiya, wato waɗanda TSH ɗinsu ya ɗan hau amma T4 ɗinsu yana nan daidai. Shekara da shekaru an saba ba su ƙwayar lebotayiroksin, wadda ita ce T4 ɗin da aka haɗa a masana'anta, bisa tunanin cewa gara a tari ciwon tun bai yi ƙarfi ba. A 2017 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin TRUST, wanda aka yi a Sikotilan da Ayilan da Holan da Suwizalan a kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama. An ba rabinsu maganin, an ba rabi ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da su ko likitocinsu sun san wanda ya sami wanne ba. Bayan shekara guda TSH na masu shan maganin ya sauko kamar yadda ake zato, amma gajiyarsu da sauran abubuwan da suke kuka da su ba su bambanta da na ɗaya rukunin ba. Akwai wani abu a cikin wannan gwaji da nake ganin ya fi sakamakon kansa amfani gare mu: cikin waɗanda aka gayyato saboda an taɓa ganin TSH ɗinsu ya hau, kusan shida cikin goma da aka sake auna su an tarar ya koma daidai da kansa, babu magani. Wannan yana nuna cewa gwaji ɗaya tak bai isa a ɗora wa mutum shan ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa ba, musamman idan an ɗebi jinin yana tsakiyar wata jinya ko yana murmurewa daga ita. Kamata ya yi a sake awon bayan wata biyu zuwa uku.

A 2019 wani kwamitin masana da mujallar BMJ ta tara ya duba gwaje-gwaje 21 da suka ƙunshi mutum fiye da 2,000, ya ba da shawarar kada a riƙa ba akasarin manya masu irin wannan matsakaicin yanayi magani. Sai dai kwamitin ya ware wasu a fili: masu juna biyu da masu neman haihuwa, da matasa 'yan shekara 30 zuwa ƙasa, da masu alamomi masu tsanani, da waɗanda TSH ɗinsu ya haura 20. Wannan warewa ita ce takan ɓace idan labari ya bi ta baki da baki. Wanda T4 ɗinsa ya faɗi, ko wanda aka cire masa tayirod da tiyata, ba ya cikin wannan zance gaba ɗaya, kuma barin magani a gare shi hatsari ne ga zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa.

Ga masu fama da ɓari ma, bincike ya nuna ba kowa ne maganin ke wa amfani ba. Gwajin TABLET da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2019, ya ɗauki mata 952 waɗanda tayirod ɗinsu ke aiki daidai amma garkuwar jikinsu ke nuna alamar tana farmakarsa, kuma duk sun taɓa yin ɓari ko suna fama da rashin haihuwa. Waɗanda aka ba lebotayiroksin da waɗanda ba a ba su ba, kusan kashi 37 cikin 100 ne a kowane ɓangare suka haihu da rai. Na san wannan sakamako zai yi wa wasu mata zafi, domin wadda ta rasa ciki biyu ko uku tana neman abin da za ta riƙe, amma gaskiyar ta fi a bar ta tana sayen maganin da ba zai sauya komai ba, a kuma daina neman ainihin dalilin. Ita kuwa macen da dama take da tabbatacciyar kasalar tayirod, buƙatarta ga maganin ƙaruwa take yi da zarar ta ɗauki ciki, sau da yawa da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100, saboda a watannin farko ɗan tayi ba shi da inda zai sami T4 sai daga jinin uwarsa. Ya kamata ta ga likita a makon da ta tabbatar da cikin, kada ta jira sai lokacin fara awo.

Darasi mafi girma ya fito ne daga Koriya ta Kudu. Bayan da ƙasar ta fara shirin binciken cutar kansa (ciwon daji) ga jama'a a 1999, asibitoci suka riƙa ƙara wa masu zuwa sikanin wuya a kan kuɗi kaɗan, ko da ba su da wani koke. Wani rahoto na 2014 ya nuna cewa yawan waɗanda aka ce suna da kansar tayirod a 2011 ya ninka na 1993 sau 15, amma yawan masu mutuwa da ita bai motsa ba. Abin da na'ura ke ganowa ƙananan ƙulle-ƙulle ne waɗanda da yawansu za su zauna a wuyan mutum har ya tsufa ba su dame shi ba. Dubban mutane suka rasa tayirod ɗinsu, suka koma shan ƙwaya kullum, wasu muryarsu ta dushe saboda an taɓa jijiyar murya, wasu kuma suka shiga matsalar ƙarancin sinadarin kalsiyam. Da wasu likitocin ƙasar su takwas suka fito fili a 2014 suka nemi a daina wannan sikanin, yawan tiyatar ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya.

Tun kafin wannan, a wani asibiti mai suna Kuma da ke birnin Kobe na Japan, likita Akira Miyauchi ya kawo shawara a 1993 cewa a gwada sa ido kawai a kan ƙananan kansar da ba su wuce santimita 1 ba, maimakon a garzaya a yanke. A rahoton da suka fitar a 2014 a kan mutum 1,235, kashi 8 cikin 100 ne kawai ƙullutun ya girma a cikin shekara goma, aka yi wa masu buƙata tiyata daga baya, kuma babu wanda kansar ta kashe. A Faransa ma gwajin ESTIMABL2 na 2022, mai mutum 776, ya nuna cewa masu ƙaramar kansa marar hatsari da aka cire musu tayirod ba su ƙaru da komai ba idan an bi su da aidin mai ƙarfin nukiliya da ake sha don ya ƙone ragowar tayirod, wanda a da kusan kowa ake ba shi.

Yanzu sai mu dubi namu halin, wanda ya sha bamban da wancan. A wurinmu ba yawan sikanin ne ke cutar da mutane ba, zuwa asibiti a makare ne. Na tashi na ga wata gwaggona da maƙoƙo, tana naɗe wuyanta da mayafi ko da ana tsananin zafi, kuma an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin halittarta. Sai da ta kai ba ta iya kwanciya rigingine sai ta jingina da matashin kai biyu, numfashinta na fita da wani siririn sauti idan ta yi barci, sannan aka kai ta wurin likita. Ina tuna yadda ya miƙa mata ruwa a kofi, ya tsaya ta bayanta da yatsunsa a kan wuyanta ya ce ta haɗiya, kumburin ya yi sama ya dawo. Da wannan ya gane daga tayirod ne, kafin a je ga gwajin jini da sikanin. An yi mata aiki ta samu sauƙi, amma shekarun da ta yi tana ɓoye wuyanta da sun ragu sosai da an kai ta da wuri. Binciken Japan da na Koriya ba su yi magana a kan irin wannan maƙoƙo ba. Kumburin da ke girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ya zo da dushewar murya ko wahalar haɗiya ko ta numfashi, ba abin sa wa ido ba ne a gida. Bugu da ƙari, a yankunan da aidin ya yi ƙaranci an fi samun wani nau'in kansar tayirod da ke bin jini ya kai ƙashi da huhu, wanda ba shi ne aka gwada sa wa ido a Kobe ba.

Babban abin da ke kawo maƙoƙo a duniya shi ne ƙarancin aidin. Baligi na buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri daga 1993, lokacin da aka ƙiyasta maƙoƙo ya kai kusan kashi 20 cikin 100, kuma a 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cika sharuɗɗan wannan shiri. Nasara ce ta gaske, amma irin wadda takan zube idan aka daina kula. Gishirin da ake zubawa a buɗaɗɗen daro a kasuwa, rana na dukansa, damina na jiƙa shi, ana auna shi da gwangwani, yana iya rasa wani kaso na aidin ɗinsa, sannan gishirin gargajiya irin na Balma da manda ba a sa musu shi tun asali. Akwai kuma rawar da abinci ke takawa. Binciken da aka yi a Darfur ta Sudan a shekarun 1980 ya danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero, daga baya aka gano wasu sinadarai a cikinsa da ke rage aikin tayirod, haka kuma rogon da ba a jiƙa ko sarrafa shi da kyau ba. Ba ina nufin a bar fura ko tuwon gero ba, domin illar tana bayyana ne a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci, kuma gyaranta shi ne gishiri mai aidin a rufaffen mazubi. A ɗaya gefen, bai kamata mai tsohon maƙoƙo ya sayi ruwan aidin ko ƙwayoyinsa ya riƙa sha da kansa ba. A Zimbabuwe an ga ƙaruwar masu tayirod mai wuce kima a tsakiyar shekarun 1990 bayan an fara sa aidin a gishiri da yawan da ya zarce ƙa'ida, kuma manya masu daɗaɗɗen kumburi ne abin ya fi shafa.

Tayirod mai aiki fiye da kima, wanda yawanci cutar Graves ke haddasawa idan garkuwar jiki ta riƙa zuga shi, shi ne na fi jin tausayin masu shi a cikin al'ummarmu. Matashiya ta rame, ta riƙa firgita, idanunta su firfito, ta zama mai saurin fushi, sai a ce iska ce ko sammu, ko a yi ta yi mata maganin taifot da zazzaɓin cizon sauro, alhali gwajin jini ɗaya zai warware zancen. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyoyin magani uku ne: ƙwayoyin da ke rage aikin tayirod irin su kabimazol da metimazol, ko tiyata, ko aidin mai ƙarfin nukiliya wanda likita Saul Hertz ya fara amfani da shi a Boston a 1941. Na ƙarshen nan cibiyoyi ƙalilan ne ke yin sa a Najeriya, kamar asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, saboda haka mafi yawan marasa lafiyarmu ƙwaya suka dogara da ita. A nan ne wani bincike daga Iran ya yi mana amfani kai tsaye. Al'adar da aka saba ita ce a sha ƙwayar wata 12 zuwa 18 a tsaya, kuma kusan rabin mutane ciwon na dawo musu. Fereidoun Azizi da abokan aikinsa a Tehran sun buga a 2019 cewa waɗanda suka ci gaba da shan ɗan ƙaramin awo na metimazol tsawon shekara 5 zuwa 10, kashi 15 cikin 100 ne ciwon ya dawo musu bayan sun daina, idan aka kwatanta da kashi 53 na masu gajeren zango. Magani ne mai araha da ake samu a garuruwanmu. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: mai shan waɗannan ƙwayoyi idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakatar da su ya je a auna fararen ƙwayoyin jininsa a ranar, saboda a wasu 'yan tsirarun mutane maganin na rushe su kwatsam. Mace mai niyyar ɗaukar ciki kuma ta sanar da likitanta tun da wuri, domin akan sauya mata magani a watanni ukun farko.

Sabon magani na gaske da aka samu shi ne na fitowar ido da cutar Graves ke kawowa. A Janairun 2020 Amurka ta amince da Tepezza, wanda ake ƙarawa ta jijiya sau 8, bayan gwajin da ya nuna idon kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka ba ya koma ciki da aƙalla milimita 2, idan aka kwatanta da kashi 10 na waɗanda ba a ba ba. Yana iya taɓa ji da kuma ɗaga sukarin jini, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa a nan. Abin da ke hannun mai wannan ciwo a yau shi ne ya bar taba, domin an tabbatar tana tsananta cutar idon, ya kuma riƙe tayirod ɗinsa a daidai.

Ga masu shan lebotayiroksin, yadda ake shan sa yana da tasiri kusan kamar yawan da ake sha. Ana haɗiye shi da ruwa kawai, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a kuma raba shi da ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam da awa huɗu, abin da masu ciki ya kamata su kiyaye tunda duka ake ba su. Wani gwaji a Holan a 2010 ya nuna cewa shan sa lokacin kwanciya barci ma yana aiki, muddin an daɗe da cin abincin dare. Wannan ya buɗe hanya ga mai azumi, wanda zai iya shan sa rabin awa ko fiye kafin sahur, ko da daddare bayan awa uku zuwa huɗu da cin abinci. Binciken da aka yi a ƙasashen Musulmi da dama ya nuna TSH kan ɗan hau bayan Ramadan, galibi saboda ana haɗa ƙwayar da abinci, don haka yana da kyau a sake awo bayan salla da 'yan makonni. Duk lokacin da aka sauya yawan maganin sai an jira mako 6 zuwa 8 kafin gwaji ya nuna gaskiya. Akwai kuma wasu marasa lafiya da ke ci gaba da jin gajiya duk da takardarsu ta yi kyau, kuma kokensu gaskiya ne. Gwaje-gwajen ba marasa lafiya T4 da T3 a haɗe, maimakon T4 kaɗai, ba su nuna fifiko a fili ba, shi ya sa ƙungiyoyin masana tayirod na Amurka da Birtaniya da Turai suka fitar da matsaya ɗaya a 2021 kan yadda za a tsara sababbin gwaje-gwaje da suka fi na baya. Kafin su kammala, ya dace a duba irin wannan mutum ko yana da ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko damuwa.

Inda muka fi baya, kuma inda ya fi ci mini rai, shi ne jarirai. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da tayirod marar aiki, kuma a kwanakin farko ba a ganin komai a jikinsa. Tun 1974 aka fara gwajin ɗigon jinin diddige a Kebek ta Kanada, kuma yaron da aka fara ba magani cikin mako biyu na farko yakan tashi da ƙwaƙwalwa lafiya lau, wanda aka makara kuwa naƙasar ba ta gyaruwa. Yawancin ƙasashenmu ba su da shirin yi wa kowane jariri wannan gwaji, kuma a ganina duk jihar da ta fara gwajin sikila ga jarirai ya kamata ta haɗa da shi, tunda ɗigon jini ɗaya ne a kan kati ɗaya. Kafin a kai ga haka, uwa ko ungozoma da ta ga ciwon shawara ya wuce mako biyu bai washe ba, jariri na yawan barci, ba ya kama nono da ƙarfi, bayan gida na yi masa wuya, kukansa a dushe, harshensa ya yi girma ko cibiyarsa ta bulluƙo, ta nemi a auna masa TSH da T4 a cikin makon nan, kada a ce sai an yi arba'in.